Sunan Kawu Cleotis a Littafin Coci

Goshen Bend, Mississippi
3 ga Yuni, 1956

Zuwa ga Kawu Cleotis,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan tafiyarka. Mu ma lafiya muke. Kumburin ƙafar Kaka ya sauka, tana iya zuwa lambu da sandarta. Ni kuma na ci jarrabawa, an rufe makaranta saboda noman auduga. Na aika wannan ta gidan wayar Helena kamar yadda ka ce, su ajiye maka har ka zo ka karɓa.

Kawu, ba na son in zama mai kawo maka wannan labari, amma Kaka ce ta sa ni, kuma ka san ba ta da mai rubuta mata sai ni.

Ƙanin matar Dattijo Pickens ya je Greenville sayen taya, sai ya ga takarda manne a bangon shagon aski, da sunanka da manyan baƙaƙe: Cleotis Bynum da jitarsa, kiɗan buluz ranar Asabar. Ya ɓamɓaro ta ya kawo gida. Kowa ya daɗe da sanin sana'arka, amma tun da ba a gani a rubuce ba, ana kau da kai. Yanzu an gani. Ranar Alhamis Dattijo Pickens ya zo gidanmu, ya ƙi zama, ya tsaya a baranda da hularsa a hannu.

Ya ce, "'Yar'uwa Arzula, shekara goma sha ɗaya muna gaya wa jama'a ɗanki direba ne."

Kaka ta ce, "Ai yana tuƙin ma, Ardell."

Ya ce, "Yana tuƙi daga wannan gidan rawa zuwa wancan."

Ga abin da aka yanke. Za a kawo maganarka a taron ikkilisiya na Asabar ɗin ƙarshe a watan Agusta, wato ranar 25. Ka san ƙa'ida. Wanda aka kama da kiɗan duniya zai tsaya gaban jama'a ya nemi gafara, ya yi alkawarin ajiyewa. Idan yana nesa, zai iya aiko da wasiƙa a karanta. Idan bai yi ko ɗaya ba, za a soke sunansa daga littafin coci, kuma wanda aka soke ba a binne shi a cikin makabarta, sai a bayan wayar da ta kewaye ta, inda ake binne waɗanda ba 'yan gari ba. Ka san an bar maka wuri a gefen hagu na marigayi Kakana Josephus, an bar wa Kaka a dama. Tun ranar Alhamis maganar wurin nan kawai take yi.

Akwai abu ɗaya kuma. Idon magatakardan coci ya yi rauni, don haka tun bara ni ce ke karanta wasiƙu a taro, ni ce kuma ke riƙe masa littafi. In ka rubuto, ni zan karanta. Ba na jin daɗin tsayawa gaban mutane, amma zan yi.

Kaka ta ce ka riƙa sa safa ko da ana zafi.

'Yar ƙanwarka,
Ozella


Texarkana
10 ga Yuni

Zella 'yar makaranta,

Ki gaida Mama, ki gaida kanki. Ina lafiya, in ban da baya. Ban ga takarda daga gare ku ba tun Afrilu, na ce ko alƙalaminki ya gaji da ni. Ba mu je Helena ba. Mai gidan rawar can ya samu matsala da 'yan sanda, sai mutumin Memphis da ke shirya mana wasanni ya juya mu yamma. Shi yana zaune a ofis da taswira, yana auna gari da gari da yatsa. A wurinsa nisan yatsa ɗaya ne, mu kuma wunin tuƙi ne.

Mu biyar ne a mota ɗaya, gangunan Tolliver a kan rufi. In ruwa ya sauko sai mu tsaya mu lulluɓe su da rigunanmu, mu mu jiƙe. Jiya na farka na ga kaina a kafaɗarsa. Ya ce, "Cleo, in ka ƙara yi mini minshari a wuya, sai dai ka aure ni." Na ce da fuskar nan tasa ko kyauta ba na so. Wannan ce dariyar da muka yi duk mako.

Kwana tara ke nan gari tara. Abinci kifin gwangwani da biskit a gefen titi, ko abin da aka miƙo mana ta tagar bayan gidan abinci, tun da ba a barin baƙar fata ya shiga. Yau muna gidan wata gwauruwa da ke saukar da makaɗa, ta yi mana wake da burodin masara, na ci har na ji kunya. Bai kai na Mama ba, ki gaya mata haka. Yanzu hantsi ne, sauran duk suna barci, ni bayana ya hana. Na canza tsirkiya biyu, na wanke riga, ina jira ta bushe.

Na gaji, Zella. Ina jin wannan ce shekarata ta ƙarshe a hanya. Amma kada ki ɗauki maganar da nauyi, haka nake faɗa duk shekara in zafi ya shigo, kuma da zarar na taɓa jita mutum na farko ya taso ya fara rawa, sai in manta na faɗa.

Ku rubuto ta gidan wayar Shreveport, za mu biyo ta can ƙarshen wata.

Kawunki,
Cleotis


Goshen Bend
24 ga Yuni

Kawu Cleotis,

Gaisuwa mai yawa. Mun ji daɗin takardarka, mun kuma yi jajen bayanka. Kaka ta ce ka jiƙa tsumma da ruwan zafi ka ɗora. Tana nan lafiya, ta fi yadda na san ta cikin shekara biyu, kuma dalilin haka ne ya sa hannuna ke nauyi yau.

Wasiƙata ta farko ta dawo daga Helena da hatimi cewa ba a zo an karɓa ba. Na sa ta cikin wannan ambulan, ka fara karanta ta. Matar da ke gidan wayarmu ta ce in na rubuta a baya cewa a riƙe kwana talatin za su riƙe, don haka na rubuta.

Kawu, na yi kuskure. Ka san ni nake karanta wa Kaka wasiƙunka. Tun da daɗewa nakan tsallake wani wuri in na ga zai ɓata mata rai, kamar maganar giya ko faɗa. Ban taɓa ƙara kalma ba, tsallakewa kawai. Da na zo inda ka ce wannan ce shekararka ta ƙarshe a hanya, sai ta ajiye ɗinkin da ke hannunta ta ce, "Maimaita." Na maimaita. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Na gode, Ubangiji." Na dubi layin da ke biye, na dubi fuskarta, sai na wuce zuwa maganar Shreveport.

Na yi niyyar gaya mata da safe. Kafin in tashi ta riga ta sa hularta ta tafi gidan Dattijo Pickens. Ranar Lahadi ta miƙe a coci ta ba da shaida cewa ɗanta ya rubuto zai ajiye jita ya dawo gida. Mata suka rungume ta. Dattijo Pickens ya ce, "To mu gan shi a rubuce, ko mu gan shi a tsaye." Ina zaune a bencin 'yan waƙa, na rasa inda zan sa idona.

Ban san yadda zan gyara ba sai ta hannunka. In akwai gaskiya ko kaɗan a maganar gajiyar nan, ka rubuto wa ikkilisiya. Saura wata biyu.

Ka yafe mini.

Ozella


Goshen Bend
12 ga Yuli

Kawu,

Da fatan kana lafiya. Muna lafiya, sai zafi. An gama nome auduga, hannuwana sun yi kanta.

Kullum da hantsi ina zuwa bakin titi in jira motar wasiƙu, har direban ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ban sani ba ko takardun sun same ka ka yi fushi, ko ba su same ka ba. Na fi tsoron na farko.

Kaka ta fitar da katifarka ta shanya, ta wanke labulen ɗakinka. Ta hana a yanka jan zakaran nan, ta ce naka ne. Jiya ta tambaye ni ko har yanzu kana son tuffa a cikin waina, na ce ban sani ba, rabona da kai ina shekara goma sha biyu.

Bayan sujada Dattijo Pickens ya tare ni a ƙofa ya ce, "Malama magatakarda, ina wasiƙar tubabben namu? Ko a ƙafa take tahowa?" Mutane suka yi dariya. Ba mugun mutum ba ne, shi ya gyara mana rufi da iska ta yaye, amma ba ya mantuwa.

Ko layi biyu ne ka rubuto.

Ozella


Shreveport
22 ga Yuli

Zella,

Ina gaishe ku. Ina raye, ban yi fushi ba, ban dai samu takardunki ba sai jiya, duka uku a tare. Mota ta mutu mana a wani ƙauye a Texas, muka kwana huɗu a ɗakin bayan wani mai gyaran gawa, shi kaɗai ya yarda ya saukar da mu. Daga nan aka yi ta jefa mu gari gari don mu cike wasannin da muka rasa. Na karanta su a tsaye a ƙofar gidan waya, sannan na zauna a dakali na sake karantawa.

Ba na ganin laifinki. Ni ma da na ga fuskar Mama da na tsallake.

Amma ba zan iya ajiyewa ba. Shekarata arba'in da uku. Auduga ta ƙi ni tun ina yaro, kuma bayan nan nawa ba zai ja buhun auduga ba. In na sauka, mutum huɗu sun rasa abinci, don sunana ne a takardar da ake mannawa. Ba wannan kaɗai ba ne ma. Ban san yadda zan gaya wa yarinya mai zuwa coci ba. Duk wunin da nake a mota kamar gawa nake, sai na rataya jita a kafaɗa nake zama mutum.

Kada ki zaci maganar kabarin ba ta dame ni ba. Muna da mai kiɗa mana fiyano, Odell Crume. A sanyin da ya wuce ya faɗi a wani gari da ba mu san kowa ba. Ba mu san danginsa ba, shekara shida muna tare bai taɓa faɗa ba. Hukuma ta binne shi a filinta, aka kafa ƙarfe mai lamba, babu suna. Ba mu ma tsaya ba, muna da wasa washegari a gari mai nisa. Tun daga ranar, in tuƙi ya yi tsawo, nakan ce wa kaina ni dai ina da wuri kusa da Baba. Ban san na jingina da abin haka ba sai jiya.

Na gaya wa Tolliver. Ya ce, "Kai ma da wauta. Ba ka da 'yar boko a gida? Ta rubuta musu abin da suke son ji, ka ci gaba da kiɗanka a inda ƙanin matar wani ba ya zuwa sayen taya."

Na yi tunani, ina ganin yana da gaskiya. Kin san kalmomin da suke so, kin fi ni iya jera su. Babu wanda ya san rubutuna a garin nan sai ke. Ki rubuta, ki sa sunana, ki karanta. Mama ta samu kwanciyar rai, Ardell Pickens ya samu takardarsa. Zan daina karɓar wasa a Greenville da kewaye. Na ba ki izini.

Natchez ne na gaba, tsakiyar Agusta, in motar nan ta yarda.

Kawunki,
Cleotis


Goshen Bend
2 ga Agusta

Kawu Cleotis,

Na gode Allah da kana lafiya. Na yi baƙin cikin labarin abokinka Odell. Na sa shi a addu'a da sunansa.

Na rubuta wasiƙar da ka ce. Sau uku na rubuta ta, ta ukun ta yi kyau ƙwarai. Na sa ɗan da ya ɓata ya dawo, na sa hawaye, na sa alkawari. Na karanta wa kaina a bayan rumbun masara, har na ga inda mata za su ce amin. Tana cikin littafin lissafina yanzu.

Ba na jin zan iya karanta ta, Kawu. Zan tsaya ne a ƙarƙashin mumbari, inda na tsaya aka karɓe ni bayan baftisma. Layi ɗaya na tsallake, ka ga inda ya kai mu. Wannan kuwa shafi guda ne. Kuma in aka karɓa, Kaka za ta ci gaba da shanya katifa.

Shekaranjiya muna ɓare wake a baranda na gaya mata gaskiya. Na ɗauko wasiƙarka ta Texarkana na karanta mata layin da na tsallake. Ta ci gaba da ɓare wakenta, har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce, "Na san Cleotis tun kafin a haifi uwarki. Kina tsammanin ban san abin da ke biye da maganar nan ba?"

Na ce, "To Kaka, me ya sa kika faɗa a coci?"

Ta ce, "Na so in ji yadda abin yake a bakina. Na ji daɗinsa mako shida. Miƙo kwanon can."

Ban gaya mata shawarar Tolliver ba. Na tambaye ta abin da take so in rubuta maka, ta ce, "Ki ce masa ya aiko da abin da zai iya tsayawa a kansa ranar ƙarshe." Da yamma ta sa aka yanka jan zakaran, muka ci mu biyu.

Ka zo in za ka iya. In ba za ka iya ba, ka rubuto da hannunka. Duk abin da ka rubuta zan karanta.

Ozella


Natchez
16 ga Agusta

Zella,

Gaisuwa gare ki da Mama. Baya yana nan yadda yake. Ranar 25 muna Mobile, ba zan iya zuwa ba. Bai kamata in ɗora miki abin da na ɗora ba, na ji kunya da na karanta takardarki. Ga wasiƙar coci a ƙasa. Wuni biyu na yi a kanta, Tolliver yana cewa ko wasiyya nake rubutawa. In kin tsaya a gabansu kin ga ba za ki iya ba, ki karanta taki, ba zan taɓa tambayarki ba.

Zuwa ga Fasto, da dattawa, da 'yan'uwa na ikkilisiyar Goshen Bend. Ni ne Cleotis Bynum, ɗan Josephus da Arzula, wanda kuka yi wa baftisma a kogi yana shekara goma sha biyu. Abin da aka faɗa a kaina gaskiya ne. Ina kiɗa buluz a gidajen rawa, da shi nake ci. Ina neman gafararku a kan giya. Ina neman gafara da ban zo jana'izar ƙanwata ba, na bar wa tsohuwa rainon 'yarta. Ina neman gafara da na bari aka yi ta ce muku ni direba ne. A kan jita kuwa ba zan nema ba, domin ranar da za a karanta muku wannan zan rataya ta a kafaɗa in yi kiɗa da yamma, kuma ba na son in yi ƙarya a ɗakin Ubangiji. Mutanen da nake yi wa kiɗa irinku ne, sun yi aiki kwana shida, wasunsu ma da safe suna coci. Ina roƙonku ku bar sunana a littafi, ku bar mini wurina kusa da ubana. In ba za ku iya ba, na san ƙa'ida, ba ni na zo da ita ba kuma ba zan zage ta ba. Kada dai ku juya wa uwata baya saboda ni.

Shi ke nan, Zella. Daga Mobile sai Pensacola, ki rubuto can.

Cleotis


Goshen Bend
26 ga Agusta

Kawu Cleotis,

Ina gaishe ka, da fatan kun isa Pensacola lafiya. Muna lafiya. An yi taron jiya, zan gaya maka yadda aka yi daga farko.

Na tafi da wasiƙu biyu a aljihu, taka da tawa. Coci ya cika, har waɗanda ba sa zuwa taro sun zo. Aka fara da wasu 'yan mata biyu da aka gani suna rawa, suka tashi suka nemi gafara, aka karɓe su. Sannan Fasto ya kira sunanka. Na miƙe. Taka na ciro.

Na karanta duka. Muryata ta yi ƙasa, wani daga baya ya ce in ɗaga, na ɗaga. Da na zo wurin jana'izar Mamata sai da na tsaya na ɗan lokaci, babu wanda ya hanzarta ni. Na karanta wurin jita, na gama na zauna.

Dattijo Pickens ya tashi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yaron ya faɗi gaskiya, na ba shi wannan. Amma yaran nan biyu yanzu suka sunkuyar da kai a kan rawar dare ɗaya. In muka bar mai kiɗa musu, me za mu ce musu?" Fasto ya ce masu goyon bayan a soke su miƙe. Mafi yawa suka miƙe, wasu a hankali, suna kallon ƙasa.

An soke sunanka, Kawu. Magatakarda ya laluba littafin bai ga layin ba, sai ya miƙo mini alƙalami da abin ja layi. Ni na ja. Na ja shi siriri yadda har yanzu ana iya karanta sunan. Iyakar abin da na iya ke nan.

Ana shirin addu'ar rufewa sai Kaka ta buga sandarta a ƙasa ta miƙe. Ta ce tana da roƙo, ba a kanka ba, a kanta. Ta ce ta bar wurinta na kusa da Kakana Josephus, a ba wanda ke so. Ita a ba ta kusurwar gabas, wuri na ƙarshe da ke manne da waya. Ka san wurin, inda ruwa ke kwanciya, babu wanda ya taɓa nema.

Dattijo Pickens ya ce, "Arzula, shekara goma sha tara Josephus yana jiranki."

Ta ce, "Josephus yana da rabin ikkilisiyar nan kewaye da shi, kuma kun san shi da surutu. Bai rasa abokin hira ba. Akwai dokar da ta hana mace zaɓen rami mai ruwa?"

Fasto ya dubi dattawa, dattawa suka dubi juna. Dattijo Pickens ya ce babu. Ta ce, "To ɗaya gefen wayar, daidai da ni, a bar shi kada a sa kowa." Ya daɗe yana juya hularsa, sannan ya ce, "Bayan waya ba ya cikin littafi. Ba ruwan taro da shi." Ta ce, "Na ji. Kai dai ka tuna." Ya ce zai tuna.

Yau bayan sujada ta sa na raka ta. Mun daɗe kafin mu isa saboda ƙafarta. Ta auna da sandarta daga ciki, ta zura ta ta cikin waya ta auna daga waje, ta sa na kafa dutse a kowane gefe. Tsakaninsu bai kai taku biyu ba. Ta tsaya tana haki, tana kallon wajen.

Na tambaye ta saƙon da zan rubuta maka. Ta ce, "Ki gaya masa gefensa ya fi nawa tudu, ruwa ba ya kwanciya. Wurin yana nan, babu mai taɓa shi. Kada ya yi gaggawar zuwa."

'Yar ƙanwarka,
Ozella